Ƙurji a Gindin Idon Direba

Litinin, bayan na tashi daga aiki

Ya sake yin jini yau. Ina wanke fuska a famfon gareji, na goge da tawul, sai na ga ja. Ɗan ƙurjin nan ne na gindin idona na hagu, daidai inda ido ya haɗu da hanci. Bai kai ƙwayar wake ba. Baƙi ne, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Ba ya ciwo.

Dogo, wanda muke karɓa-karɓar bas ɗaya da shi, ya ce, "Kai, wannan abin naka bai gaji ba? Tun bara nake ganinsa." Na ce cizon sauro ne. Ya ce, "Wane irin sauro ne wannan, haya ya kama a fuskarka?" Muka yi dariya.

Na dawo gida na kunna rediyo tun kafin in cire takalmi. Haka nake yi yanzu.

Talata, da safe

Na ba shukokin Tsohuwa, matata, ruwa. Wadda ke cikin gwangwanin madara ta fara rawaya. Ban sani ba ko ruwan ne ya yi yawa.

Alhamis, da yamma

Na je asibiti. Ban gaya wa kowa ba, na ce wa shugaban direbobi haƙori ne.

Likitan farko ya duba, ya tura ni bene na sama wurin likitar fata. Mace ce, ba ta kai Autata shekaru ba a ganina. Ta ɗora wani ɗan gilashi mai fitila a fuskata, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi aikina. Na ce bas nake ja, tun kafin a haife ta. Ta ce, "Wane gefen ne taga?" Na nuna mata. Ta gyaɗa kai.

Ta yi mini allura a wurin, ta yanki ɗan mitsitsi za a kai gwaji. Ta manna filasta, ta ce in dawo mako mai zuwa. Na ce, "Likita, ai ba ya ciwo." Ta ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa mutane ke daɗewa da shi."

A hanya na sayi burodi. Har na ce a ba ni babba, sai na tuna, na ce ƙarami.

Juma'a, da rana

Fasinja ba sa ganin fuskar direba. Ƙeya kawai suka sani. Yau na gode wa Allah da haka.

Lahadi, bayan magariba

Na je gidan Auta, kamar kowace Lahadi. Tun da ɓarin jikin Tsohuwa ya shanye, aka sallame ta daga asibiti, a can take, don benenmu ba ya hawuwa gare ta, kuma ni ina kan titi daga safe zuwa yamma. Haka yara suka yanke. Ban yi musu ba.

Auta ta rame. Ga jariri a baya, ga babban yana jan zanenta, ga wankin zannuwan gadon uwarta jibge a baho. Ta ga filasta ta ce, "Baba, me ya same ka?" Na ce reza ce. Ta ce, "Sannu," ta ruga kicin don shinkafa ta fara kamawa.

Na zauna kusa da gadon Tsohuwa. An yi mata kitso sabo. Na ba ta labarin gareji, da na mai shagon ƙasa da ya sake faɗa da matarsa a kan kaza, da yadda aka tone titin kasuwa. Tana kallona. Bakinta ya motsa, sauti ya fito, amma ba magana ba. Na ce, "E, haka ne." Kullum haka nake cewa. Na zauna ta yadda gefen filastar zai kalli bango.

Mijin Auta ya kai ni tasha a babur ɗinsa. Kafinta ne, mutum ne mai shiru. Tun da ya auri 'yata, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da "ya aiki". Na sauka, ina miƙa masa hular kwano, sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Baba, reza ba ta kaiwa wurin nan."

Na ce, "Ga motata nan ta zo."

Ba tawa ba ce. Na shiga duk da haka, na sauka a tasha ta gaba.

Talata, da safe

Ƙofar banɗaki tana nan jingine da bango tun ranar da muka ɓalle ta don mu fito da Tsohuwa da ta faɗi a ciki. Kullum ina cewa zan gyara. To, wa zan rufe wa?

Alhamis, da yamma

Sakamako ya fito.

Kafin a kira ni na zauna kusa da wata mata zabiya, da malafa mai faɗi da baƙin tabarau. Mai surutu ce, irin waɗanda ba sa jiran a tambaye su. Ta kalli filastata ta ce, "Na farko ne?" Na ce na farkon me? Ta yi dariya ta ce, "Lallai baƙo ne kai." Ta ɗaga malafa ta nuna mini saman kunnenta, an gutsure shi kaɗan. Ta ja wuyan riga ta nuna tabo a ƙeya, da wani a bayan hannu. Ta ce, "Duk inda rana ta gaishe ni, nan yake fitowa. Ni da likitar nan mun zama 'yan uwa. Amma kai, baƙi ƙirin haka, me kake nema a layinmu?"

Likita ta faɗi sunan. Ba zan rubuta shi ba yau.

Ta ce ba irin wanda nake tunani ba ne. Ta ce a cikin ire-irensa na fata, wannan shi ne ya fi kowanne yawa a duniya, a ƙasashen fararen fata da wuya ka sami unguwar da ba tsohon da aka cire wa. Ta ce mafi yawansa, kusan takwas cikin goma, a kai da wuya yake fitowa: hanci, fatar ido, kunne, goshi, inda rana ta fi duka. Ga mai baƙar fata irina ba safai ake ganinsa ba, in ma ya zo, baƙi yake zuwa, sai a ɗauka tawadar Allah ce a ƙyale shi. Da wuya ya bazu cikin jiki. Amma inda ya zauna, nan yake ci, a hankali, kamar gara. Nawa kuma kusa da ido ya zauna.

Na ce, "Idon fa?" Ta ce, "Shi ya sa ba za mu jira ba."

Ta nemi izinina ta kira ɗalibai su gani, don za su iya gama karatu ba su ci karo da irinsa a baƙar fata ba. Na ce su zo. Suka zagaye ni da fararen riguna, ɗaya bayan ɗaya suna leƙa gilashi. Numfashin wani yana warin albasa. Duk sun yi ladabi, sun ce na gode Baba. An daɗe rabon da mutane da yawa haka su kalle ni.

Da zan fita, ma'aikaciyar jinya ta ce ranar Talata ta sama za a yi, kuma lallai in zo da wani, don za a rufe idon da bandeji, ba za su sallame ni ni kaɗai ba. Ta ce, "Wa zai rako ka?" Na ce ɗana. Ɗana yana ƙasar da sai an hau jirgi.

Juma'a, da safe

Kansa, ciwon daji. Ga shi na rubuta. Ba abin da ya faru.

Juma'a, da yamma

Direba mai ido ɗaya. Ban taɓa gani ba a garejinmu.

Asabar, da rana

Na gaya wa Dogo, amma rabi. Na ce ɗan aiki za a yi mini, ina bukatar mai rakiya ranar Talata ta sama. Ya ce, "Haba, wannan ai ba abin roƙo ba ne." Sai ya tsaya, ya sosa kai. Ya ce, "To in ni da kai duk ba ma nan, wa zai ja motar?" Gaskiyarsa ce. Shugaba ba zai sake mu tare ba sai an gaya masa dalili, in kuwa ya ji kalmar ido, na san inda maganar za ta tsaya. Na ce ya bari kawai, akwai wani.

Na kira ƙanena. Ya fara da gwiwarsa, daga gwiwa ya koma kan ɗansa da ya ƙi karatu, daga nan ya tambayi jikin Tsohuwa, wadda yake kira Yaya. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Kai fa, lafiya dai?" Na ce ƙalau. Ya ce, "Kai ai ƙarfe ne." Muka yi sallama.

Babban ɗana ya turo saƙon murya. An yi sanyi a wurinsu, aiki ya yi yawa, a gaida Mama, a ce mata yana nan tafe in ya sami hutu. Na saurara, na sake saurara. Na danna zan yi magana, na ce, "Lafiya lau muke," na tura.

Lahadi, da yamma

Ban je ba. Na ce wa Auta a waya mura nake yi, kada in shafa wa uwarta. Ta ce, "To Baba, ka sha magani." Na ji sauƙi a muryarta, mutum ɗaya ya ragu a masu cin abinci. Ban ji haushi ba. Wallahi ban ji ba.

Na wanke labule. Na goge keken ɗinkin Tsohuwa. Akwai rigar jikanmu a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an ɗinke, ɗaya ba a ɗinke ba. Yanzu ko an gama ba za ta shige shi ba. Na bar ta yadda take.

Litinin, da safe

Ba ya ciwo.

Laraba, da yamma

Yau a madubin mota na yi ta kallon ƙurjin har na wuce wata tasha. Wata mata ta buga jikin mota tana cewa, "Direba, barci kake?" Na ba ta haƙuri. Tun da na fara aikin nan ban taɓa wuce tasha ba.

Na gwada rufe idon hagu a gareji, mota tana tsaye, in ga me zan gani. Madubin gefen taga ya ɓace gaba ɗaya. Sai na juya kai duka.

Na yi tunanin in ba mai shagon ƙasa wani abu ya raka ni. Amma kafin la'asar duk unguwa ta ji, kafin magariba labari ya kai kunnen Auta.

Alhamis, da rana

Ko in fasa ne? Shekara nawa yana nan bai hana ni komai ba.

Asabar, bayan la'asar

An ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka masu karanta mita ne. Mijin Auta ne, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce aiki ne ya kawo shi unguwar, sai ya tuna ƙofar banɗaki. Na san ba aikin da ya kawo shi, unguwarmu da tasu gari ne guda a tsakani. Na ce ya shigo.

Ya cire tsofaffin ƙusoshi, ya fere katakon da ya tsage, ya sa sababbin ƙarafan da ƙofa ke juyawa a kai. Ni ina riƙe masa ƙofa. Ya juya ta yadda za ta riƙa buɗewa waje, ya ce haka ya fi, ko mutum ya faɗi a ciki ba sai an ɓalle ba. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya koma kan ƙusoshinsa.

Na dafa masa shayi. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a bakin tabarma. Ya sha rabi, sannan ya ce, "Baba, ban gaya mata komai ba. Yaushe ne?"

Na ce, "Yaushe me?"

Ya ce, "Mahaifina ma haka ya yi mana. Sai da aka kira mu daga asibiti."

Na kalli kofina. Na ce Talata. Na gaya masa sauran, duka, har da ɗaliban. Ban san na iya magana mai tsawo haka ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Zan zo da motar abokina, babur ba zai yi ba." Ya tattara kayansa, ya share garin katako da hannunsa, ya tafi.

Na buɗe ƙofar na rufe, na buɗe na rufe. Ba ta yin ƙara ko kaɗan.

Litinin, da yamma

Na ce wa shugaba ina son hutun kwanaki, ɗan ƙurji za a cire. Ya kalli fuskata, ya kalli inda yake. Ya ce, "In ka dawo za a gwada idonka kafin ka taɓa sitiyari. Ba ni na ce ba, doka ce." Na ce na sani.

Na goge riga. Na yi aski, ina kewaye wurin.

Laraba, da safe

Da ido ɗaya nake rubutu, layin yana karkata.

An yi jiya. Ba su sa ni barci ba. An rufe mini fuska da ƙyalle mai rami, ina jin ana ja, ina jin ƙarar almakashi a cikin kaina, amma ba zafi. Likita da mai taimaka mata suna hirar wani biki. Can ta ce, "Baba, kana nan?" Na ce ina za ni. Ta ce ta cire shi da ɗan abin da ke kewaye, ta jawo fata daga gefen hanci ta rufe wurin. Za a duba a gani ko an kwashe duka.

Da na fito mijin Auta yana nan inda na bar shi, riƙe da hulata a cinya. Ya kama gwiwar hannuna muka sauka bene. Bene da ido ɗaya ba ya da zurfi, duk matakalar a shimfiɗe suke. Yana cewa, "Saura ɗaya, Baba. To, an kai ƙasa."

Na lumshe ɗayan idon a mota. Da ta tsaya na buɗe, sai na ga ƙofar gidansu. Na ce ba nan na ce ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Wannan karon ba zan bi maganarka ba."

Auta ta fito da bokiti a hannu. Ta ajiye shi. Mijinta ya yi mata bayani a tsaye a tsakar gida. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai jiya. Ta ce, "Baba, ni ce ta ƙarshen ji? Reza ka ce mini! Mura ka ce mini!" Na ce na ga kayan da ke kanki. Ta ce, "Kai ka zaɓa mini abin da zan iya ɗauka?" Ta yi kuka, ta harari mijinta, ta shiga ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin uwarta.

Yanzu yana ciwo. Sosai ma.

Laraba, da yamma

Tsohuwa ta ga bandejin. Na ce in sa ta dariya. Na ce, "Kin ga, ke gefen dama ya tafi hutu, ni gefen hagu. In aka haɗa mu, fuska guda ce lafiyayya." Ba ta yi dariya ba. Ta juya kai ta kalli bango. Na kai mata cokali, ta datse baki. Auta ta zo ta ba ta, ta ci.

Juma'a, da rana

Ɗaki ɗaya muke kwana, har yanzu bango take kallo. A gida ni kaɗai ma ban ji shiru irin wannan ba.

Jikana ya ce na zama ɗan fashin teku. Shi kaɗai ke son bandejin.

Lahadi, da safe

An cire bandeji jiya, saura zare. Idon ya kumbura, yana ruwa, amma yana gani. Na rufe na dama na karanta lambar motar maƙwabci daga bakin ƙofa. Na karanta ta wani ma da ke wucewa.

Alhamis, bayan la'asar

An cire zare. Likita ta ce gwaji ya nuna an kwashe shi duka, gefe da gefe ba saura. Ta ce wanda ya taɓa yin ɗaya yana iya yin wani, don haka in riƙa zuwa ana dubawa, in riƙa duba kunne da ƙeya da bayan hannu, in nemi malafa, in riƙa shafa man kare rana ko da Dogo zai yi mini dariya. Na leƙa layi ko zan ga matar nan zabiya in gaya mata. Ba ranarta ba ce.

Litinin za a gwada idona a gareji. Likita ta ce ba ta ga abin da zai hana ba.

Da muka dawo Auta tana wanka, yara sun fita. Na jawo kujera gefen da Tsohuwa ke kallo, na zauna tsakaninta da bangon, ba inda za ta juya. Ban ba ta labarin gareji ba. Na gaya mata daga farko: jinin da ke tawul, gilashin likita, sunan ciwon, tsoron da na ji a kan idon, yadda na rasa mai rakiya, da ƙaryar murar da ta hana ni zuwa wurinta ranar Lahadi. Na ce an cire, ya tafi.

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta ɗago hannunta mai lafiya, ta ɗora yatsa a gefen tabon, ba a kansa ba. Bakinta ya fara motsi. Har na buɗe baki zan ce "e, haka ne", sai na kame.

Ta yi ta fama. Jijiyar wuyanta ta tashi. Sai ta ce, "Tau… rin… kai."

Sarai na ji. Auta ma ta ji daga bakin ƙofa, da tawul a kanta, ta ce, "Mama, me kika ce?" Ba ta maimaita ba. Ta dai buɗe baki tana kallon kwanon da ke kan tebur.

Na ɗauki cokali.